Daga Gobarau zuwa Zobe: Tarihin da Muka Wuce a Hanya

A shekarar 2007, muna aji biyar na sakandare a Dutsin-Ma, malaminmu na tarihi ya shigo aji da takarda a hannu, ya ce duk mai son zuwa yawon buɗe ido ya kawo kuɗin mota kafin Juma'a. Tafiyar kashi biyu ce. Da safe za a kai mu birnin Katsina mu ga Gobarau da ganuwa da tsohuwar kwaleji, da la'asar kuma a dawo da mu mu ga matsirgar ruwa. Maganar matsirgar nan ce ta sa yawancinmu muka matsa wa iyayenmu lamba. Akwai wata kalanda a ofishin shugaban makaranta mai hoton Gurara ta jihar Neja, ruwa fari fat yana zubowa daga kan duwatsu, kowa kuma ya ɗauka irinta za a nuna mana. Babu wanda ya tsaya ya tambayi kansa ina aka taɓa ganin irin wannan a ƙasarmu, inda kogi ke komawa rairayi tun sanyi bai wuce ba.

Bayan sallar asuba muka tashi a bas biyu. Tsakanin Dutsin-Ma da Katsina kimanin kilomita 60 ne, hanyar kuwa ta bi ta Kurfi da Batagarawa. Iyakar abin da nake tunawa da Kurfi a ranar shi ne mun tsaya sayen ƙosai, direba ya ƙara wa mota ruwa. Malam bai ce uffan ba a kan garin, mu ma ba mu sa ran zai ce ba. A wurinmu sai an shiga ganuwa tarihi ke farawa, abin da ke bayanta hanya ce kawai da gonakin gero da dawa. Sai da na shekara da shekaru kafin na gane cewa rabin abin da aka kai mu gani mun wuce shi tun ƙarfe takwas ba ta yi ba.

A gindin Gobarau wani dattijo ne ya karɓe mu, shi ne jagoranmu. Hasumiyar ta ƙasa ce, tsayinta kimanin mita 15, tana tsukewa hawa bayan hawa. Yaron da ya taso yana kallon dutsen da ke tsakiyar garinmu ba zai ce ta yi wani tsawo ba, kuma wani daga cikinmu ya faɗi haka a fili. Dattijon bai ji haushi ba. Ya ce, "Samari, wannan da kuke gani abin da ya rage ne. A da daga samanta ake hango mahara tun suna nesa." Daga nan ya ba mu labarai biyu waɗanda duk wanda ya taɓa zuwa wurin ya ji su.

Na farko labarin alƙibla ne. Lokacin da Sarki Muhammadu Korau zai gina masallacin, malaman gari suka yi ta gardama a kan inda za a fuskanta. Wani baƙon malami, Malam Jodoma, ya nuna wani sashe, sauran suka ƙi yarda saboda baƙo ne. Sai ya ɗaga sandarsa ya yi nuni, kowa ya hango Ka'aba da idonsa. Aka ba shi limanci, daga baya hassada ta sa aka haɗa shi da sarki, aka kore shi, ya je ya ƙarasa rayuwarsa a Guga da ke ƙasar Bakori a yau. Na biyu labarin Korau ne shi kansa: ɗan kokawa ne da ya zo daga 'Yandoto, ya kayar da Sanau, sarki na ƙarshe a gidan Durɓawa, ya yanka shi, ya gaje sarauta.

Mun rubuta duka a littattafanmu, har da shekarar da dattijon ya ba mu, 1348. Sai da na shiga jami'a, ina karatun kimiyyar kwamfuta, na ci karo da littafin marigayi Yusufu Bala Usman a kan sauye-sauyen da Katsina ta gani daga 1400 zuwa 1883, wanda aka buga a 1981. A nan na ga masana sun fi karkata ga sanya zamanin Korau a rabin ƙarshe na ƙarni na 15, wato kusan shekara ɗari bayan abin da ke littafina. Ita ma hasumiyar da muka hau, an sake gyara ta a zamanin Sarki Muhammadu Dikko bayan ta zube. Ban ga laifin dattijon ba. Minti ashirin gare shi da yara sittin masu jin yunwa, abin da zai zauna a kansu ya zaɓa, ya kuwa zauna, tun da ga shi ina maimaita shi yau.

Abin da ya fi ba ni mamaki da na sake duba labaran nan biyu shi ne dukansu na baƙi ne. Korau daga 'Yandoto ya zo, can yamma wajen Tsafe. Jodoma baƙo ya shigo, korarre ya fita, kabarinsa na karkara. Ko da mutum bai ɗauki labaran a matsayin abin da ya faru daki-daki ba, sun nuna yadda Katsinawan dauri suka ɗauki birninsu: wuri ne da mutanen waje ke shigowa su gina. Shi ma Bala Usman, wanda ya sake rubuta tarihin masarautar, a Musawa aka haife shi a 1945. Babbar gardamarsa ita ce a daina karanta tarihin Katsina a matsayin faɗan ƙabilu, wai Haɓe sun zo Fulani sun kore su, a duba garuruwa da kasuwanni da sana'o'i da yadda aka ɗaure su da birni ta hanyar sarauta.

Inda rubutattun shaidu suka fara, nan ma baƙi ne ke kan gaba. Shehu Maghili na ƙasar Aljeriya ya biyo ta Katsina wajen 1493. Imam Suyuɗi, daga Alƙahira, ya rubuto wasiƙar nasiha ga sarakunan wannan yanki, ya ambaci Sarkin Katsina Ibrahim da sunansa. A ƙarni na 17 birnin ya fara fitar da nasa manyan, irin su Wali Ɗan Masani da ya rasu a 1667 da Wali Ɗan Marina, waɗanda har yau ake ziyartar kaburburansu.

Akwai mutum ɗaya da ba a ambata mana ba a ranar, kuma shi na fi jin takaicin rashin ji. A shekarar farko a jami'a an ba mu aikin rubuta 'yar manhajar da za ta cika hatimi da lambobi. Mafi sauƙinsa mai gida tara ne: a jera 1 zuwa 9 ta yadda kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, zai ba da 15. Duk wanda ya tashi kusa da malaman zaure ya san siffar, ko da bai san lissafin ba. Littafin da muke amfani da shi ya danganta dabarar ga wani Bafaranshe, Simon de la Loubère, da ya koyo ta a tafiyarsa ta Siyam a ƙarshen ƙarni na 17. Na yi aikina na miƙa. Bayan wasu shekaru na karanta cewa wani Bakatsine, Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, ya rubuta littafi da Larabci a 1732 a kan hanyoyin cika hatimai masu gidajen mara, wato uku-uku, biyar-biyar, bakwai-bakwai har abin da ya yi sama. Ya tafi aikin hajji, ya zauna a Alƙahira, ya rasu a can a 1741 a gidan abokinsa Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar. Ba zan ce shi ya ƙirƙiro ilimin ba, Larabawa da Indiyawa da Sinawa sun riga shi da ɗaruruwan shekaru, Bafaranshen ma ya riga shi bugawa. Amma abin da ya rubuta matakai ne bi da bi, ka sa wannan lamba a nan, ka tsallaka gida kaza, in ka tarar da gida a cike ka koma kaza. Irin abin da nake ci da shi ke nan yau. Da an gaya mini haka ina ɗan shekara sha shida a gindin Gobarau, da na kalli ginin da wani ido dabam.

Daga Gobarau aka zagaya da mu ƙofofi. Sunayensu ma darasi ne: Ƙofar Ƙaura, Ƙofar Durɓi, Ƙofar Marusa, Ƙofar Guga, Ƙofar Sauri, Ƙofar Ƙwaya. A wasu wuraren ganuwar ta zama tudun ƙasa da awaki ke hawa, a wasu wuraren kuma gidaje sun cinye ta ƙurmus. Da muka isa Ƙofar 'Yanɗaka, dattijon ya ce ta nan Gwamna Lugga ya shigo da sojojinsa a 1903, Sarki Abubakar ya tarbe shi ba tare da an yi yaƙi ba. Wata yarinya daga cikinmu, wadda ba ta cika magana ba, ta ɗaga hannu ta ce, "Baba, 'Yanɗaka irin namu na Dutsin-Ma?" Ya ce, "Shi fa, ɗiyata. Ƙofar hakiminku ce." Malam ya duba agogo, aka ce mu shiga mota.

Tambayar nan ta fi duk abin da muka rubuta a ranar nauyi, an kuwa amsa ta da kalma shida. Hakimin Dutsin-Ma shi ne 'Yanɗakan Katsina, kuma yana cikin manyan nan huɗu masu zaɓen sarki, tare da Ƙaura da Galadima da Durɓi. Ƙauran Katsina a Rimi yake zaune, Galadima a Malumfashi. Wato idan gadon sarauta ya zama babu kowa a Gidan Korau, mutanen da ake jira su yi magana daga garuruwan da ke wajen ganuwa suke tahowa, ɗayansu ma ta hanyar da bas ɗinmu ta biyo da safe. Sarautun nan sun girmi jihadi. Manyan ƙasa ne da kowannensu ke riƙe da wani yanki da mayaƙansa, sarki kuma ba ya mulki sai da yardarsu.

Shi kansa jihadin a wajen birni ya taru. Bayan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi hijira a 1804, malamai uku ne suka jagoranci jama'a a ƙasar Katsina: Ummarun Dallaje, Ummarun Dumyawa da Muhammadu Na Alhaji. Garuruwa irin su 'Yantumaki da Runka, waɗanda duk ɗan Dutsin-Ma ya san kasuwanninsu, suna cikin wuraren da magoya bayansu suka yi sansani kafin su tunkari birnin. Wajen 1807 birni ya faɗi, aka bi sarakunan dauri har Ɗankama, inda Sarki Magajin Haladu ya rasa ransa. Ummarun Dallaje ya zama sarki, amma bai samu ƙasar shi kaɗai ba. Sai da aka ba gidajen sauran shugabannin biyu nasu yankunan, kuma ta wannan rabo ne sarautar 'Yanɗaka ta koma gidan Na Alhaji. Sababbin masu mulki ba su soke tsofaffin sarautu ba, shiga cikin rigunansu suka yi.

Waɗanda aka kora kuwa ba su watse ba. Sun yi gudun hijira zuwa wajen Damagaram, daga baya Ɗan Kasawa ya dawo da su, wajen 1819 suka kafu a Maraɗi, wadda tsakaninta da Katsina bai kai kilomita ɗari ba. Da suka zauna, sai suka sake gina masarautar kamar yadda suka baro ta. Sarkinsu Sarkin Katsina ne, har yau haka ake kiransa. Masu zaɓensa su ne Ƙaura da Galadima da 'Yanɗaka da Durɓi, kamar yadda M. G. Smith ya bayyana a bincikensa kan zamanin Ɗan Baskore, wanda ya yi mulki daga 1854 zuwa 1875. A sana'armu, idan masu rubuta wata manhaja suka saɓa, wani ɓangare kan kwashi kwafin aikin gaba ɗaya ya ci gaba da nasa, kowa na cewa nasa ne na asali. Haka aka yi wa Katsina: 'Yanɗaka biyu, Ƙaura biyu, sarki biyu, kowa da nasa lissafin sarakuna. Yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1904 da 1906 suka zo suka ja layi a tsakani, ɗaya ya zama ɗan Nijeriya, ɗaya ɗan Nijar.

A nan Kurfi ke shigowa, garin da muka sayi ƙosai. Sarautar hakimin Kurfi ita ce Maraɗin Katsina. Tun kafin Maraɗi ta zama mazaunin sarakunan da aka kora, kalmar sunan sarauta ce a tsarin Katsina, ta mai kula da wancan yanki na arewa. Garin ya fita daga hannun birni, sarautar ta zauna, yau ga ta a kudu da birnin, a kan hanyar Dutsin-Ma. Wanda ya fi shahara da ita a zamaninmu shi ne Alhaji Ahmadu Kurfi, sakataren hukumar zaɓe ta ƙasa lokacin zaɓen 1979 da ya kawo Shehu Shagari. Duk wannan yana cikin kalma ɗaya da muke ji kullum a rediyo, kuma da Malam ya ba Kurfi minti biyar a bakin kaskon ƙosai, da mun shiga birni da rabin labarin a hannu.

Rabuwar nan ta ci birnin Katsina da tsada. Kusan ƙarni guda mayaƙan Maraɗi da abokansu Gobirawa suna kawo hari, fatake suka ga hanya ba lafiya, ciniki ya karkata zuwa Kano. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya zo Katsina a 1851 zamanin Sarki Muhammadu Bello. Ya kiyasta kewayen ganuwar da mil 13 zuwa 14, sama da kilomita 20 ke nan, ya ce birni mai wannan girma zai iya ɗaukar mutum dubu ɗari a lokacin ganiyarsa, amma waɗanda ya tarar ba su wuce dubu bakwai ko takwas ba. Mafi yawan cikin ganuwar gonaki ne da kufai. Mutanen da suka sha wuyar hare-haren nan kuwa, waɗanda ba su da ganuwa mai kaurin ta birni, su ne na ƙauyukan yamma da na tsakiya, kakanninmu. Duwatsun yankinmu mafaka ce a lokacin. Labarin da ake bayarwa na kafuwar garinmu ma na wani mafarauci ne mai suna Ma da ya zauna a kan dutse, mutane suka taru a gindinsa saboda ruwa.

Bayan zuwan Turawa abubuwa suka yi sauri. Sun cire Sarki Abubakar, suka naɗa Yero, shi ma suka cire shi a 1906, suka ɗora Durɓi Muhammadu Dikko, wanda ya yi mulki har 1944, kuma gidansa ne ke sarauta har yau. Suka yanka ƙasa gunduma-gunduma, kowane hakimi aka ce ya zauna a tasa ya tara haraji da jangali. Da kuɗin nan na manoma da makiyaya baitulmalin En'e ta riƙa gina abubuwan da ake nuna wa baƙi a birni.

Tsohuwar Kwalejin Katsina ce zangonmu na ƙarshe a birni, kuma a gurguje muka gan ta don rana ta take. Gwamna Hugh Clifford ya buɗe ta a watan Maris na 1922. A ɗakunan ƙasar nan Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Abubakar Imam suka yi karatu, kafin a mayar da makarantar Kaduna a 1938, daga can zuwa Zariya a 1949, inda ta zama Barewa. Yanzu gidan kayan tarihi ne. A cikin tsofaffin ɗalibanta akwai Isa Kaita, wanda kwalejin horon malamai ta garinmu ke ɗauke da sunansa. Wannan ma ba a haɗa mana ba. Muka yi azahar, muka ci shinkafa da wake a gindin bishiya, muka kamo hanyar gida.

La'asar sakaliya muka wuce Dutsin-Ma ba mu tsaya ba, bas ta saki kwalta. Tun kafin mu isa wasu suka fara gunaguni, don sun gane hanyar. Zobe za a kai mu. Matsirgar da muka biya kuɗi dominta ita ce mafitar da aka gina wa madatsar ruwa, inda rarar ruwa ke malalowa idan dam ya cika a ƙarshen damina. Wani ya ce, "Malam, ai wannan dam ɗinmu ne!" Malam ya ce, "To, ruwa ne ko ba ruwa ba? Yana zubowa ko ba ya zubowa?" Aka yi dariya, amma an ji zafin abin. Gaskiya kuwa ruwan na zubowa, da ƙara mai cika kunne, jajaye-jajaye saboda laka, feshinsa na jiƙa mana fararen riguna. Bayan bangon kuma ga ruwa shimfiɗe iyakar ganinka, da kwale-kwalen masunta kamar ƙudaje a kan faranti. A nan babu jagora. Babu wanda ya ɗauka wurin yana da tarihin da za a faɗa.

Yana da shi kuwa, kuma bai tsufa ba. Farin da aka yi daga 1972 zuwa 1974 ya kashe dabbobi ya ƙona amfanin gona a duk faɗin Sahel, daidai lokacin da kuɗin man fetur ya fara kwarara. Gwamnatin soja ta yanke shawarar tare koguna. Aka kafa hukumomin raya koguna, cikinsu har da ta Sakkwato da Rima, aka shiga gina manyan madatsu: Tiga a Kano a 1974, Bakolori a 1978, daga baya Goronyo da Jibiya. Ba a yi aikin nan ba tare da hawaye ba. A watan Afrilun 1980 'yan sanda suka buɗe wuta a kan manoman Bakolori da suka tare hanya suna neman diyyar gonakinsu, kuma adadin matattun da gwamnati ta faɗa bai kama ƙafar wanda mutanen yankin suka lissafa ba.

Zobe 'yar wannan zamani ce. An tare kogin Karaduwa da bangon ƙasa mai tsawon mita 2,750 da tsayin mita 19, wato ya ɗara Gobarau, aka kammala a 1983 zamanin Shagari. Tana iya riƙe ruwa sama da kubik mita miliyan 170. Manufa biyu aka yi ta dominsu: noman rani a fili mai kimanin hekta 8,000, da ruwan sha ga garuruwan yankin har zuwa birnin Katsina, wanda madatsar Ajiwa ta daɗe da kasa ƙosar da shi. A ranar ƙarshe ta 1983 sojoji suka kifar da gwamnati, farashin mai ya riga ya faɗi, magudanan da za su kai ruwa gonaki ba a gama su ba. Aikin ruwan sha aka fara shi a 1992, aka yi ta tsayawa ana tashi.

Saboda haka abin da muka tsaya muna kallo a 2007 ruwa ne da aka tara shekara 24 ba a kai shi inda aka yi alkawari ba, yana cika yana zubewa ya bi kogi. Mu kuwa da muke tafa masa, da yawanmu da safen nan sai da muka ga 'yan garuwa a ƙofar gidajenmu. Wani tsohon masunci da ke gyaran koma a bakin ruwa ya tambaye mu daga ina, muka ce daga birni muke, mun je ganin tarihi. Ya nuna tsakiyar ruwan da haɓarsa ya ce gonar mahaifinsa na can ƙasa, da tsamiyar da suke hutawa a gindinta. Babu wanda ya rubuta wannan a littafi, don ba zai fito a jarrabawa ba.

Sai a watan Yulin 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya zo ya buɗe kashin farko na aikin ruwan Zobe, mai ƙarfin tace lita miliyan 50 a rana, shekara 38 bayan an gama madatsar. Alaƙar da ke tsakanin birni da yankinmu ta sake fitowa a sabuwar siffa: da hatsi da haraji da mayaƙa da masu zaɓen sarki ke bin hanyar nan su nufi arewa, yanzu an ƙara da bututu.

Wata biyu bayan bikin, a watan Satumba, aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar saboda 'yan bindiga, Dutsin-Ma da Kurfi na ciki. Ina Abuja a lokacin, ina rubuta manhajar da ke aika saƙo cikin ƙiftawar ido, amma in ji lafiyar mahaifiyata sai in jira direban da ya fito daga gida. Tun bayan sace ɗaliban Ƙanƙara sama da 300 a watan Disambar 2020, ba kowane shugaban makaranta ne zai cika bas biyu da yara ya fita da su da asuba ya dawo da magariba ba, ba kuma kowane uba ne zai ba da kuɗin motar ba. Runka da 'Yantumaki, yaran yanzu a labaran hari suka fi jin sunayensu. Ƙauyukan da ake tashi a yau, da yawansu a yankin da mahara suka addaba a ƙarni na 19 suke, kuma har yanzu wanda ke cikin birni ya fi samun barci.

Da Sallar bara na ɗauki ɗan yayana, mai shekara goma sha uku, muka tafi Katsina. Sai da rana ta fito sosai muka tashi, da sharaɗin mu dawo kafin la'asar. A Kurfi na tsaya, na saya masa ƙosai, na tambaye shi ko ya san sarautar hakimin garin. Ya ce Maraɗi. Na ce to Maraɗi a ina take? Ya ce a Nijar, sai kuma ya yi shiru yana kallona, ƙosan na hannunsa. Daga nan har Batagarawa tambayoyi yake yi, wasu na amsa, wasu na ce sai mun tambayi manya. A Ƙofar 'Yanɗaka ya sa na ɗauke shi hoto ya tura wa abokansa. Da muka kamo hanyar gida ya ce saura Zobe, tun da na ce da ita aka rufe tamu tafiyar. Na kira mahaifiyarsa a waya na faɗa mata. Ta ce mu wuto gida.